Tirelar Baba a Tsakar Ɗaki

Shekarun baya, lokacin ina aikin shifta a wani kamfanin roba a Sharaɗa, na taɓa haɗa kwamfutar wasa da hannuna. Wanda ya san ni a lokacin zai yi dariya, don ni ko wayata ce ta rikice sai na kai wa mai gyara. Kuma ba don kaina na haɗa ta ba. Don mahaifina ne, dattijon da furfura ta gama cinye masa gemu.

Mahaifina direban tirela ne tun kafin a haife ni. Fatu yake ɗauka daga kamfanonin jima na Challawa ya kai Legas, ya dawo da duk lodin da Allah ya hore. In ya dawo daga tafiya, gidanmu na Panshekara ba a jin muryar kowa sai tasa. Labarin gada, labarin taya da ta fashe a daji, labarin mai abincin da ta fi kowa iya miyar agushi a hanya, har mahaifiyata ta ce, “Malam, a bar mu mu ji kiran salla mana.” Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a kan hanya. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi. Da ita kuwa ake taka kuloci, don haka likita ya ce tuƙi ya ƙare.

Daga nan mutumin nan ya yi shiru. Zai zauna a zaure tun safe, in ka gaishe shi ya ce “lafiya,” shi ke nan. Abokansa direbobi su zo daga Dakata, su yi ta jan sa da hira, su gaji su tafi. In tirela ta wuce a babban titi sai ka ga ya juyar da kai zuwa bango. Ni dai tsoro ya kama ni sosai, don ina ganin za mu rasa shi alhali yana raye, kuma ban san ta inda zan kamo shi ba.

Ina da wani aboki tun na firamare, yana da ɗan shago a wajen Bompai inda yake gyara wa ofisoshin kamfanoni kwamfutoci. Wata rana na sauka daga aikin safe na biya ta wurinsa da wayata da ta ƙi caji. Na same shi ya ƙura wa allo ido, ko amsa sallama bai yi da kyau ba. Na leƙa. Sai na ga titi, ga gilashin mota, ga madubin gefe, ga wata doguwar tirela tana bin sa a baya. Na ce, “Wannan fim ne?” Ya ce gem ne, lodi ake ba ka daga wannan gari ka kai wancan, ba harbi ba faɗa, tuƙi kawai.

Na ja benci na zauna, na manta da maganar waya. Na ga yana ba da sigina, yana tsayawa a danja, yana shiga gidan mai. Na yi ta jero masa tambayoyi har ya ce na cika shi da surutu. Da na tambaya ko dole sai da waɗannan maɓallan ake tuƙin, ya ce a'a, akwai sitiyari na musamman da ake ɗaurawa a tebur, har da abin taka totur da birki a ƙasa. Na ce masa, “To ni irin wannan nake so in haɗa wa Baba.”

Ya dube ni, ya fashe da dariya. “Kai, tsoho za ka koya wa gem? Wallahi sandarsa zai maka maka.”

Na ce ya dai gaya mini nawa ne. Da ya faɗi kuɗin wadda ake sayarwa a haɗe, sabuwa dal, sai da na nemi ruwa na sha. Abin da nake da shi kuwa adashin da muke yi da 'yan shiftarmu ne, kuma watan kwasata ya kusa. Abokina ya ce in dai na yarda mu bi a hankali, mu sayi kayan ɗaya bayan ɗaya mu haɗa da kanmu, adashin zai iya isa, amma fa sai na kama zuciyata a kasuwa. Na ce ai ni ba yaro ba ne.

Ashe yaro ne. Shagon farko da muka shiga a kasuwar kayan kwamfuta, idona ya faɗa kan wani akwatin kwamfuta mai gefen gilas, fankokinsa suna juyawa suna canja launi, ja, kore, shuɗi. Na tsaya na saki baki. Har na fara tambayar mai shago “nawa za ka bari,” abokina ya ja ni ta hannun riga zuwa waje. Ya ce, “Fitilun nan ba sa ƙara wa mota gudu. Baba titi zai kalla ko akwati?” A ƙarshe akwatin da muka yi amfani da shi wani tsoho ne mai launin toka, na wani ofis da ya canja kwamfutoci, abokina ya ba ni kyauta don dama ya tare masa wuri a shago.

A ranar na fara fahimtar abin da ke cikin kwamfuta, kuma abin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. Ya nuna mini furosesa, wani ɗan ƙarfe da bai kai faɗin akwatin ashana ba, ya ce shi ne mai lissafin komai. Na juya shi a tafin hannuna na kasa yarda. Ya nuna mini ram, ya ce shi kamar faɗin teburin aiki ne, in ya yi kaɗan sai kaya su riƙa zubowa. Sai kuma girafik, wanda shi ke zana duk abin da ido zai gani a allo, titi da bishiyoyi da ruwan sama a jikin gilashi. Ya ce a kwamfutar wasa shi ne mai cin kaso mafi tsoka, kuma a nan mutane suke haukacewa.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Furosesa da ram da allon da ake dasa su a kai, duk na hannu muka saya, don ya ce waɗannan ba kasafai suke mutuwa ba, in sun tashi a gabanka to sun tashi. Amma fawa, wato abin da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran, ya rantse ba zai bari in sayi tsoho ba. Na nuna masa wani mai sauƙin kuɗi, ya ɗaga shi ya ji ba nauyi, ya mayar. Ya ce, “Araha ba ta ado. Wannan in ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, da kowa yake tafiya.” Muka ƙara fanka guda saboda zafin garinmu. Allon kallo kuwa ba mu saya ba, talabijin ɗin falonmu muka ce zai wadatar.

Sitiyari ne ya ba mu wahala, don ba kowane shago ke da shi ba. Muka samu iri biyu a wurin wani mutum, ɗaya mai abin takawa uku har da kuloci, ɗaya mai biyu kawai. Mai ukun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Na tsaya ina kallon na ukun nan, na tuna ƙafar Baba, na ce a ba ni mai biyu. Wannan ne kaɗai abin da na zaɓa ba tare da na kalli fuskar abokina ba.

Da muka zo kan girafik, abin da ya rage a hannuna zai yi ɗayan biyu ne. Ko dai mu sayi babba mai ƙarfi, ko mu sayi matsakaici mu haɗa da wani ɗan akwatin batir da suke kira yufiyes, wanda ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Na tambayi abokina, in wuta ta tafi ana cikin tafiya, komai ya lalace ke nan? Ya ce a'a, gem ɗin yana ajiye inda aka kai da kansa, in wuta ta dawo sai a ɗora daga kusa da wurin. Muka yi shawara irin ta masu hankali, muka ga tunda ba asarar da za a yi, gara hoto ya fito tangaran. Ba zan ɓoye muku ba, a can ƙasan zuciyata ina hango kaina ina buga ƙwallo a kai in Baba ya shiga barcin rana. Muka ɗauki babban.

Ranar Lahadi muka haɗa ta a shagonsa. Shi yana faɗa, ni ina ɗaurawa, a hankali kamar mai zare ƙaya daga idon yaro. Har wani farin abu mai kama da man goge baki ya sa na ɗiga a bayan furosesa, wai don zafi ya riƙa fita. Da na danna maɓalli fankoki suka juya, rubutu ya bayyana, na ji kamar ni na ƙera ta tun daga ƙarfe.

Na kai ta gida a adaidaita sahu, na jona da talabijin, na ɗaure sitiyarin a teburin cin abinci. Na je zaure na durƙusa na ce, “Baba, ku zo ku ga wani abu.” Ya taso da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi allon, ya dubi sitiyarin. Ya ce, “Wannan ai na yara ne.” Ya juya abinsa. Mahaifiyata ta dube ni da tausayi, ta ce in yi haƙuri, ai ban yi asara ba tunda ni ma zan iya wasa da shi. Wannan magana ta fi ta Baba yi mini zafi.

To tunda an riga an saya, sai na riƙa zama ina gwadawa in na dawo daga aiki. Gaba dai ina iya tafiya, ko da yake na kayar da alamun titi ba adadi. Ribas ne ya gagare ni. Wata la'asar gem ɗin ya ce in shigar da tirela cikin wani lungu a harabar kamfani, na yi ta fama, kan mota ya yi gabas, bodi ya yi yamma, har suka naɗe. Na sake, suka sake naɗewa. Ban san yana tsaye a bayana ba sai da na ji tsaki.

“Wa ya ce maka haka ake ribas? In kana so gindinta ya yi dama, hagu za ka karya. Kaɗan. Na ce kaɗan.”

Na karya da yawa. Ya ce, “Tashi.”

Na tashi da sauri har ina tuntuɓe. Ya jingine sandar, ya zauna, ya gyara kujera. Ya laluba ƙasa da ƙafa ya ce, “Mota ba kuloci? Allah ya kyauta.” Sannan ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa cikakkiya, ya kama sitiyari. Sau ɗaya ya shigar da ita lungun nan, yana kallon madubi kawai. Mahaifiyata tana tsaye da ludayi a hannu, ta juya ta koma kicin da sauri, na san kuka ta je yi.

Daga ranar gidanmu ya fara dawowa daidai. Ni kuma na samu abin kallo, don yadda yake tuƙin nan ya bambanta da na kowa. Ba ya wuce ƙa'idar gudu ko da titi ba kowa. Yana yi wa ƙananan motoci faɗa in sun shiga gabansa. Yana mamakin titunan Turawa, wai tafiya ta yini guda ba rami ko ɗaya, ya ce waɗannan direbobin ai albashin banza suke ci. Na nuna masa maɓallin da ake dannawa komai ya tsaya cak in mutum zai tashi, ya ce shi bai san wannan ba. In aka kira salla, sai ya nemi wurin da ya dace, ya ba da sigina, ya sauka gefe, ya ja birkin hannu, ya kashe mota, sannan ya nemi buta. Ya ce direban kirki ba ya barin mota da lodi a tsakiyar titi.

Unguwarmu kuwa kun san halin wuta. Da farko Allah ya taimake mu, duk lokacin da aka ɗauke, ko dai bai zauna ba ko ya riga ya yi fakin. Sai wata Asabar da hantsi, ina zaune a gefensa, ya ɗauko lodin katako yana gangarowa daga wani tsauni, ga kwana a gabansa. Ɗif, aka ɗauke wuta. Allo ya yi baƙi.

Na yi dariya na ce, “Sun yi halin nasu.” Da na juya sai dariyar ta maƙale. Hannayensa biyu suna damƙe da sitiyari, ƙafarsa ta dama ta danne birki har ƙasa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya daɗe a haka. Na ce, “Baba, ba komai fa, in wuta ta dawo daga nan za ku ci gaba.” Ya lalubi sandarsa ya fita zaure.

Wuta ta dawo, bai dawo ba. Washegari ma haka, har mako ya zagayo. Shirun nan da na zata mun rabu da shi ya dawo sabo. Na kunna na nuna masa motar tana nan lafiya, katakon ko ɗaya bai zube ba, ya ce, “Ka bar ni.” Na rasa gane kan abin, don a lissafina da na abokina ba a yi asarar komai ba.

Mahaifiyata ce ta warware mini, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ce, “Kai ba ka san yadda ciwon nan ya same shi ba ko?” Na ce na san a hanya ne. Ta ce yana cikin tafiya ne da lodi, bayan ya wuce Jebba, kawai ya ga duhu ya rufe masa ido. Allah ya ba shi ikon taka birki, motar ta tsaya a tsakiyar titi, mutanen da bai sani ba suka ciro shi. Lodin ya kwana a wurin har sai da aka turo wani direba ya ƙarasa da shi. Ta ce, “Da ya farfaɗo a asibiti bai tambayi ƙafarsa ba. Cewa ya yi, kayan mutane sun isa? Duk shekarun da ya yi yana tuƙi, ranar ce kaɗai ya bar kaya a hanya.”

Ashe da kuɗina na sayo masa wannan rana na ajiye a falo, tana jiran a ɗauke wuta.

Da na sauka daga aiki washegari, ko gida ban je ba, na wuce Bompai. Na kwashe labari na gaya wa abokina. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce yufiyes ɗin da zai iya ɗaukar babban girafik ɗin nan tare da talabijin, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, don babban yana shan wuta kamar dutsen guga. Amma in na yarda mu mayar da shi mu karɓi matsakaici, cikon da za a ba mu zai sayi yufiyes daidai shi, kuma batirin zai fi jimawa tunda ƙaramin ba shi da ci. Na ce, “To ƙwallona fa?” Ya ce, “Ka je fili ka buga, ƙafarka biyu.”

Haka aka yi. Hoton ya ɗan ragu, inuwar bishiyoyi ta daina fitowa sosai, ruwan sama ma ya zama na wasa. Ni na lura, har na yi ɗan jimami. Baba har ya bar duniya bai taɓa ambata cewa wani abu ya canja ba.

Shawo kansa ya sake zama shi ne aiki. Na roƙe shi ya tsaya a bakin ƙofa kawai ya gani. Na hau titi da lodi, na ce wa mahaifiyata ta je ta kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni. Fankar sama ta tsaya, ɗan akwatin ya fara ƙara, ƙit, ƙit, amma titi yana nan a allo, mota tana tafiya. Ya matso a hankali yana duban akwatin.

Ya ce, “Har yaushe yake riƙewa?”

Na ce, “Ba da yawa ba, Baba. Iya ku samu wuri ku yi fakin.”

Ya ce, “Ai abin da mutum yake roƙo ke nan.”

Bai zauna a ranar ba, sai bayan kwana biyu. Ina wurin aiki aka ɗauke wutar gaske yana kan hanya, mahaifiyata ce ta ba ni labari. Ta ce da akwatin ya fara ƙara sai ta ga kafaɗarsa ta ɗaga. Ya rage gudu, ya ba da sigina, ya bi a hankali har ya samu fili a gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Ya juyo ya ce mata, “Hajiya, mun tsaya lafiya. A sa mana shayi.” Daga baya abokansa na Dakata suka samu labari, falonmu ya koma tasha, dattawa suna musu a kan wanda ya fi iya kwana, shi kuma muryarsa ta fi ta kowa.

Yanzu a wurin aiki an ɗauke ni masanin kwamfuta, abin dariya, matasa suna zuwa su tambaye ni wane girafik za su saya da ɗan abin da suka tara. Nakan gaya musu abin da abokina ya koya mini, kar a yi rowa a fawa, kar a biya kuɗin fitilu. Amma kafin nan sai na tambaye su wa zai zauna a gabanta, kuma mene ne ba zai iya jurewa ba. Mu mun yi lissafin komai daidai a kasuwa, wannan tambayar ce kawai ba mu yi ba.

Baba ya yi shekaru yana tuƙinsa kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Bayan an share makoki da ɗan lokaci, na daure na kunna kwamfutar, ina so in ga inda ya tsaya. Na samu motar a harabar wani kamfani, an sauke lodi, ta shiga layinta daidai, birkin hannu a jaye. Bai karɓi sabon lodi ba. Na daɗe ina kallo, hawaye suna zuba, sannan na kashe ba tare da na taɓa sitiyarin ba. Wannan karon kayan mutane sun isa.